Hanyar Gonata da Kujerar Auta

Litinin, 3 ga Yuni

Yau ma. Dogo direbana ya isa babban kanti da kusan rabin ƙwan a fashe, gwaiduwa na ɗiga ta ƙasan mota. Na san ba laifinsa ba ne, amma shi na samu a gabana, shi na sauke wa. Ya tsaya yana murza makullin mota yana cewa, "Uwar ɗaki, wallahi lallaɓawa na yi, ramin bakin kwalbati ne." Ai na san ramin. A gabana ya girma kamar ɗa.

Da, daga gonata zuwa babban titi kafin ka gama hira ɗaya ka isa. Yanzu in an yi ruwa sai a yini. Kaji ba ruwansu, su dai su saka ƙwai. Mai Kanti ma ba ruwansa, shi dai ya ga kiret cike. Ni ce a tsakiya.

Maigida ya ce in sha ruwa in kwanta. Shi maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta.

Laraba, 5 ga Yuni

Ikon Allah. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa da masu masana'antu ya kira ni da kansa. Mai Siminti! Mutumin da in na ɗaga hannu a taro sai ya hau kallon silin. Yau kuwa, "Uwar Kaji, muna bukatar muryarki." Wai za a tura tawaga majalisa a kan ƙudirin kafa asusun gyaran hanyoyi, kuma ba wanda ya fi ni sanin ciwon hanya. Kafin ya rufe baki na ce to.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Har na fito da sabon takalmi.

Asabar, 8 ga Yuni

Wawuya. Ni, ba kowa ba.

An yi taron tawagar a otal, ɗaki mai sanyi har haƙora na haɗuwa. Aka zaunar da ni a gaba, kusa da shugaba. Lauyan da ƙungiya ta ɗauko ya yi bayani: za a ɗora ɗan haraji a kan man mota, kuɗin ya shiga asusu na musamman da ba mai taɓa shi sai don hanya. Wannan na yarda da shi har zuciyata. Sai ya zo kan wani sashe da ya ce a kafa sikeli a manyan hanyoyi, a riƙa auna tireloli, wanda ya yi lodi fiye da ƙima a ci shi tara. Wannan sashen, in ji Lauya, ƙungiya za ta nemi a cire shi "a yanzu dai". Na tambayi dalili. Mai Siminti ya ce zai sa kaya su yi tsada, a fara samun asusun tukuna, sikeli ya biyo baya. Manya duk suka gyaɗa kai. Ni ma na yi gum, alhali wurin fasa dutsensa a bayan gonata yake, tirelolinsa dare da rana ta ƙofata suke bi. Hanya nake so. Na haɗiye.

A wajen shan shayi Mai Kanti ya yi suɓul da baka. Yana dariya ya ce wa na kusa da shi, "Ai tunda muna da yayar shugaban kwamiti, aiki ya zo da sauƙi." Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Watan jiya aka ba ƙanina Auta shugabancin kwamitin sufuri a majalisa. Har saƙon murna na tura masa. Ashe ba muryata ake so ba, jinina ake so.

Na so in ɗauki jakata in fita. Ban fita ba. Na tuna ramin.

Talata, 11 ga Yuni

Mun je majalisa. Aka jibge mu a wani dogon baranda mai kujerun ƙarfe tun hantsi har rana ta take. Mai Siminti yana gaisawa da kowane mai gadi da sunansa, kamar gidan ubansa. Ni sabon takalmi yana cin ƙafata.

Da aka shigar da mu, ga Auta a tsakiyar tebur, 'yan kwamiti hagu da dama. Ya miƙe ya bi kowa da gaisuwa. Da ya zo kaina sai ya ce, "Barka da zuwa, ranki ya daɗe." Ranki ya daɗe! Yaron da tun da Baba ya rasu ni na goya shi, ni na riƙa jan hannunsa zuwa makaranta yana birgima a ƙasa. Kamar bai taɓa jiƙa min baya da fitsari ba.

Lauya ya yi nasa, shugaba ya ƙara gishiri, aka ce ni ma in faɗi. Na faɗi ƙwai, na faɗi kwalbati, na faɗi ma'aikatana. Auta yana rubutu, ko ɗagowa. Da na gama ya dubi Mai Siminti.

"Wa zai biya harajin nan?"

"Kowa da kowa, mai girma."

"Wato mai babur, da mai motar haya, da matar da ke hawa bas zuwa aiki. To wa ke fasa hanyar?"

Auta bai jira amsa ba. Ya ce shi kwamitinsa ba zai miƙa ƙudirin gaba ba in an cire sikeli. Mai Siminti ya yi wata 'yar dariya ya ce ai ba faɗa muka zo ba. A baranda ya matso kusa da ni: "Ƙaninki akwai kai. Irinsu a gida ake lallaɓa su."

Na dawo ƙafa ta tashi, rai ya ɓaci. Ban san wanda na fi jin haushi ba a cikinsu.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na je gaida Inna, na tarar da shi a can, zaune a ƙasa yana matsa mata gwiwa. A nan kam "Yaya" ce.

Ban jira ba. Na ce ka kunyata ni a gaban mutane. Ya ce aiki yake, a wurin aiki ba shi da yaya. Na ce to a wurin yunwa ma ba ka da yaya, in gona ta rufe. Ya ce, "Yaya, in an shimfiɗa miki kwalta yau, tirelolinsa suka bi ta da lodi ninki biyu, damina biyu ta koma yadda take. Talaka ya biya, shi ya fasa, talaka ya sake biya." Na ce gara damina biyu da babu, ka bari a yi asusun, sikeli ya biyo baya. Ya ce ba zai biyo ba, ranar da suka sami abin da suke so, in sun sake taka majalisa to hana sikelin suka zo yi.

Na ce masa kujera ta hau masa kai. Na ce albashinsa ba ya fashewa a rami. Na faɗi wasu abubuwan ma, ba sai na rubuta ba.

Inna ta ƙara ƙarar rediyo ta ce, "Ku fitar min da majalisarku daga ɗaki, ina jin labarai."

Laraba, 19 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Motar abincin kaji ta tsaya a hayin kwalbati, direban ya rantse ba zai haye ba. A ka ma'aikata suka yi ta ɗauko buhuna cikin taɓo. Ina tsaye ina kallo wata tirelar dutse ta zo ta haye abinta, ta watsa mana laka. Na ji kwalbatin ya yi wani nishi.

Asabar, 22 ga Yuni

Inna ta kira ni da murna, wai an gode, an gode. Na ce da me? Wai firji da janareta, wasu mutanen kirki suka kawo, suka ce gaisuwa ce daga ƙungiya. Har ta sha ruwan sanyi ta aika wa maƙwabta.

Shekaranjiya Lauya ya tambaye ni kwatancen gidanta, ya ce shugaba na son ya aika a gaishe da tsohuwa. Na yi masa kwatance tiryan-tiryan, har da launin ƙofa. Ni da hannuna.

Litinin, 24 ga Yuni

Auta ya je da motar ɗaukar kaya ya kwashe komai, ya sa aka dire su a ƙofar ofishin ƙungiya. Inna ta ce ita ba ta roƙi kowa ba, an ba ta an ƙwace, yanzu da wane ido za ta kalli maƙwabta. Ta ƙi yi masa magana.

Ya kira ni. "Ke kika nuna musu gidan?" Na ce ban san abin da za su kai ba. Ya ce, "Kin san in hoton firjin nan ya fita ni za a ɗaure? A gidan uwata, Yaya?" Na kashe wayar.

Na kira Mai Siminti na zazzage masa. Yana saurara kamar ana karanta masa hasashen yanayi. Da na gaji ya ce, "Uwar Kaji, uwarki uwarmu ce. Yaushe kyauta ga uwa ta zama laifi?"

Maigida ya ce, mu me ya hana mu saya mata firjin tuntuni? Na harare shi. Gobe zan je kasuwa.

Alhamis, 27 ga Yuni

Bai kira ba. Ban kira ba.

Talata, 2 ga Yuli

Ashe tawaga ta je wurin Kakakin majalisa jiya, ba a ko gaya min ba. An ga yayar ba ta yi aiki ba, an haura sama.

Mai Kanti ya tare ni a bakin sitonsa yau, yana juya wani ƙwai a hannu kamar bai taɓa ganin ƙwai ba. Wai akwai wata gona da ke ta zuwa masa da tayi, hanyarsu lafiya lau, amma shi mutum ne mai zumunci. "Mu dai muna duba wanda ke tare da mu." Shekaru nawa ina kai wa mutumin nan kaya, ko ranar da na haihu ban fasa ba. Na ce masa na ji. Na shiga mota na daki sitiyari har hannuna ya yi tsami.

Juma'a, 5 ga Yuli

Dogo yana asibiti.

Da safe ya fita da kaya, yana bayan wata tirelar dutse. Tirelar ta haye kwalbati, gefen ya zabge a bayanta, tayar Dogo ta gaba ta faɗa, mota ta kifa cikin rafi. Masu aikin gona ne suka fasa gilashi suka jawo shi. Tirelar ko birki ba ta taka ba. Cinya ta karye gida biyu, likita ya ce sai an sa ƙarfe.

Da na shiga, abin da ya fara ce min shi ne, "Uwar ɗaki, ƙwan fa?" Na ce ƙwai ya ci gidansu. Matarsa tana zaune a bakin gado da jariri, ta kau da kai daga gare ni. Gara ta zage ni.

Asabar, 6 ga Yuli

Auta ya zo asibiti, shi kaɗai, ba rakiya. Ya daɗe a wurin Dogo. Na jira shi a baranda. Da ya fito na ce, "To ga sikelinka nan a kwance. Kana ta riƙe da ƙudiri, mutane na karyewa." Sai ya ce, a hankali, "Tirelar wa ce, Yaya?"

Na sani. Kowa a hanyar ya sani, sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa.

Ko da gaskiyarsa, a asibiti zai gaya min? Ya rasa inda zai yi gaskiya sai a asibiti?

Talata, 9 ga Yuli

Mai Siminti ya zo gona da kansa, a ƙafa daga kwalbati, Lauya na binsa yana ɗage wando. Na daina zama marar amfani ke nan. Ranar Laraba ta sama kwamiti zai saurari ra'ayin jama'a, 'yan jarida za su cika, kuma ni suke so in yi magana da sunan ƙungiya. Har sun rubuta min jawabin. "Labarin direbanki shi zai buɗe mana ƙofa," in ji shi.

Na ce ka san motar wa ta zabge kwalbatin? Ya ce ɗan kwangila ne, ba direbansa ba ne. Na ce sunanka ne a ƙofa. Ya ce, "A bar wannan. Da hanyar na da kyau da hakan bai faru ba, ko ba haka ba?" Sannan ya sassauta murya, ya ce ya yi magana da waɗanda ya kamata, in asusun ya tabbata hanyata ce ta farko. Kafin damina mai zuwa kwalta har ƙofar gona.

Kwalta har ƙofar gona.

Ban ce a'a ba. Na karɓi takardar. Na ma ba su ruwa, Allah ya yafe min.

Lahadi, 14 ga Yuli

Yanzu da babura muke fito da ƙwai zuwa hayi, kiret bibbiyu, a sauya mota. Abin da ke fashewa ya fi abin da ke isa. In haka ta ɗore ba zan kai ƙarshen shekara ba, kuma ba ni kaɗai ke ci daga gonar nan ba.

Na karanta jawabin ya fi a ƙirga. Babu ƙarya a ciki, ko ɗaya. Tirela ce kawai babu.

Na tambayi Maigida, ina jiran ya ce in sha ruwa. Ya ninke jaridarsa ya ce, "Ki faɗi abin da za ki iya maimaitawa a gaban matar Dogo." Ya koma karatunsa. Mutum ya yi shekaru yana shiru, ranar da kake son shirun ya buɗe baki.

Laraba, 17 ga Yuli

Bari in rubuta kafin in manta.

Zauren ya cika. Kyamarori a baya, 'yan ƙungiya a sahun gaba cikin manyan kaya, 'yan kwamiti a sama, Auta a tsakiya. Shugaban direbobin haya ya yi magana, wani injiniya ya yi, sai aka kira ni. Wallahi da niyyar karantawa na tashi. Na ce a raina ni ba 'yar siyasa ba ce, mai kaji ce, a ba ni hanyata kowa ya ji da kansa.

Na fara. Muryata lafiya lau. Har na zo inda aka rubuta cewa direbana ya ji rauni "sakamakon lalacewar hanya". Na karanta, na sake kallon layin, sai bakina ya ƙi gaba. Na ajiye takardar.

Ban san da wane tsari na faɗi sauran ba. Na ce kwalbatin ba tsufa ya kashe shi ba, tirela ce mai lodin da ya fi ƙarfinta, kuma tirelar ta shugaban ƙungiyata ce, ga shi nan zaune, a tambaye shi. Na ce ina son asusun, ina son shi fiye da duk wanda ke ɗakin nan, zan biya harajin ba tare da na yi tsaki ba, amma a sa sikeli, kuma a fara da ƙofar gonata, a auna har motata. Na ce an yi min alkawarin kwalta in na yi shiru. Wannan ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ya yi.

Daga nan na juya kan 'yan majalisa, don su ma ba su tsira ba. Na ce shekara da shekaru ramin nan na cin motoci, kuna ina? Sai da masu kuɗi suka ƙwanƙwasa ƙofa kuka tuna akwai hanya? Na nuna wani mai tumbi da ke latsa waya na ce shi ko sauraro ba ya yi. Daga baya aka ce min saƙon rasuwa yake karantawa. Wannan ban kyauta ba.

Ana cikin haka Auta ya matso da abin magana: "Ranki ya daɗe, lokacinki ya..."

"Auta, yi min shiru, ban gama ba!"

Zaure ya ɗauki dariya, har masu kyamara. Shi kuwa ya sa hannu ya rufe baki, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Dariyar ce ta tsinka min zare, na manta sauran, na ce na gode na zauna. Ba wanda ya matsa min a sahun gaba, sai na koma baya kusa da direbobi.

Mai Siminti ko gezau. A bakin ƙofa ma har ya tsaya ya ce min, "Sannu da ƙoƙari, Uwar Kaji." Da ya zage ni da na fi samun barci.

Alhamis, 18 ga Yuli

Mai Kanti ya aiko yaron ofishinsa: daga wata mai kamawa sun gode, ba sa bukatar ƙwaina.

Rediyo kuwa tun safe "Auta, yi min shiru" suke maimaitawa. Tirela, sikeli, cinyar Dogo, ba wanda ya ɗauka. Inna ta kira tana dariya har da tari, wai maƙwabta sun ji ni. Abin da ya rage daga duk abin da na yi ke nan, abin dariya.

Litinin, 29 ga Yuli

Kakaki ya yi wa kwamitoci garambawul. An ɗauke Auta daga sufuri an kai shi kwamitin kula da ɗakunan karatu. Wanda aka ɗora a kujerarsa, na gan shi a otal ranar taronmu na farko, suna tafawa da shugaba.

Na ɗauki waya na ajiye. Me zan ce? In ce sannu, zai ce ni na jawo. In ce Allah ya ƙara, ba haka ba ne a raina.

Munafukai. Dukkansu.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ƙudiri ya wuce. Haraji zai fara nan take. Sikeli ba a cire shi ba, saboda surutun da aka yi, amma an rubuta zai fara aiki bayan shekara uku. Shekara uku! Hanyoyin da za a fara gyarawa: ta tashar kaya, da ta unguwar masana'antu. Tawa ba ta ciki.

A talabijin na ga Mai Siminti yana rungume da sabon shugaban kwamiti, yana cewa nasara ce ga talaka. Na jefi talabijin da silifa. Maigida ya ɗauko min silifan.

Asabar, 17 ga Agusta

Na sayar da kajin ɗaki guda. Na sallami wasu daga cikin ma'aikata, na kasa kallon idonsu. Ƙwan da ya rage gidajen burodi da ƙananan shaguna nake bi da shi, ni da kaina, kamar lokacin da na fara.

Dogo ya fara takawa da sanda. Na je duba shi, matarsa ta kawo min kujera, ta ce ta ji abin da na faɗa, ba na rediyo ba, wani direba ya nuna mata duka a waya. Ta miƙo min jaririn na riƙe. Ya yi min tumbuɗi a kafaɗa.

An ɗora wasu katakai a kan kwalbatin don masu ƙafa da babur. Tireloli sun buɗe wa kansu wata hanya ta cikin rafi, sun ƙarasa kashe shi.

Lahadi, 1 ga Satumba

Tun bayan zauren nan wasu ke ta kirana: Mai Katako, matar nan mai gidan burodi, mai buga bulo, shugaban direbobi. Duk ƙananan da ake tarawa a cika kujeru a taron ƙungiya. Wai mu koma majalisa da ƙafarmu, a rage shekara ukun nan, a sa hanyoyinmu a zagaye na biyu. Na ce musu ni na tuba. Suka taru a gonata yau duk da haka, ba wanda ya san ta inda ake farawa.

Ban san wanda ya gaya wa Auta ba. Ina zargin Maigida. Sai ga shi ya ɓullo a ƙafa, takalmi a hannu, laka har gwiwa. Ya ce, "Sannu da gida, Yaya." Na ce ɗakunan karatu sun ba da hutu ne? Ya ce littattafai ba sa gudu.

Ya zauna a kan buhun dusa ya yi musu bayani: wa ake fara gani, wa ke jin tsoron masu zaɓensa, wa ba a ɓata lokaci a kansa, yadda ake neman gyaran doka bayan ta wuce. Ya ce kada mu je da kuka kawai, mu je da hotunan tireloli da mutanen mazaɓar kowane ɗan kwamiti. Ya daɗe yana magana. Ban katse shi ba. Mura nake yi, murya ta dushe.

Yana sunkuye yana zana wa Mai Katako wani abu a ƙasa na ga furfura a ƙeyarsa. Da yawa ma. Yaushe?

Bai ce min na jawo masa ba, ban ce masa ya jawo min ba. Har yanzu ina ganin da ya ɗan sassauta tun farko da ba mu tashi a tutar babu ba, kuma zan gaya masa in muryata ta dawo.

Da yamma na raka shi inda ya bar motarsa, don dama zan duba ko mai kawo maganin kaji ya iso. A bakin katakan ya riga ni hawa, ya juyo ya miƙo min hannu. Na kama.

Katakon santsi gare shi, shi ke nan.